Fumfuna a kayan tamfol na masu kwaikwayon yaƙin tarihi: yadda za ka cire ta ba ka lalata man ba

A Amurka da Turai akwai mutanen da suka ɗauki raya tarihi da gaske. Sukan ɗinka tufafin sojojin da, su kafa tanti a fili, su kwana a ƙasa, su ci irin abincin da sojan wancan zamani ya ci. A jihar Pennsylvania ana taruwa don tuna gwabzawar Gettysburg ta 1 zuwa 3 ga Yulin 1863, a Beljiyam ana tuna Waterloo ta 1815, a Ingila kuma ƙungiyar Sealed Knot tun 1968 take kwaikwayon yaƙin basasar ƙasar. Duk inda ka je cikinsu za ka tarar da kaya iri ɗaya: jakar guzuri, jakar goyo, da shimfiɗar kwanciya, galibinsu na tamfol ɗin auduga ko na lilin da aka shafe da mai don kada ruwa ya ratsa.

Matsalar takan fara ne ranar watsewa. An kwana biyu cikin raɓa da ciyawa, wataƙila an sha ruwan sama, kowa na sauri ya kama hanya. Sai a naɗe shimfiɗa da laimarta, a cusa a but ɗin mota, a isa gida a gajiye, a jefa a gareji. Fumfuna ba ta buƙatar fiye da awa 24 zuwa 48 kafin ta fara kama abu mai danshi. Ranar da aka waiwayi kayan, sai a tarar da fari-fari da kore-kore a ninki, ga wari mai hawa kai.

A nan ne mutane da yawa suke ƙarasa abin da fumfuna ta fara. Hannu kan tafi kai tsaye ga bilic da ruwan zafi da sabulun gari, alhali kusan duk abin da ke kashe fumfuna da ƙarfi yana kashe man da ke jikin tamfol ɗin. Shi ya sa tsarin aikin yake haka: a fara da bushewa, a bi da buroshi, ruwa ya zo daga ƙarshe, kuma kaɗan.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Ba duk baƙin tamfol ne ɗaya ba, kuma maganin wani dafin wani ne. Jakar guzurin sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, fenti ake shafa mata na man linsid, wato man da ake tatsa daga irin kittani, a gauraya da baƙin hayaƙin fitila da tafentin, ruwan da ake surka fenti da shi. Wannan man ba ya zama ruwa-ruwa. Yana shan iska ya daskare ya zama wata fatar kansa a bisa yadin. Idan ka shafa za ka ji santsi da ɗan tauri, kuma yakan tsattsage a wurin ninki.

Iri na biyu shi ne mai kaki, ko na zuma ko na kyandir, irin wanda kamfanin Barbour na garin South Shields a Ingila ya yi suna da shi a rigunan ruwa. Shi kaki ba ya daskarewa ya zama fata. Yana nan cikin zaren, zafi na narkar da shi, kuma idan ka karce shi da farce sai ya bar farin layi.

Iri na uku shi ne bargon roba, wanda ya samu bayan Charles Goodyear ya karɓi shaidar mallakar fasahar gasa roba a 1844. Gefe ɗaya roba ne, ɗaya gefen yadi. Wannan ba mai a jikinsa, kuma mai yana lalata roba, saboda haka duk abin da zan faɗa game da sake shafa mai bai shafe shi ba.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci: kayan kwaikwayo ne da aka ɗinka a zamaninmu, ko na asali ne da ya haura shekara ɗari da hamsin? Idan na asali ne, ka ajiye buroshi. Mutanen wancan zamani sukan dafa man linsid da sinadarin dalma don ya yi saurin bushewa, kuma ƙurar dalma guba ce. Bayan haka zaren ya tsufa, ba zai ɗauki gurza ba. Ka shanya shi a inuwa, ka ware shi daga sauran kaya, ka kai wa masu gyaran kayan tarihi na gidajen adana kayan gargajiya. Jagorar nan ta kayan kwaikwayo ce.

Wani abu kuma: ba kowane fari ne fumfuna ba. Kaki yakan fitar da wani farin gari a samansa idan ya ji sanyi, haka ma fatar da ta sha mai da yawa. Ka hura wa wurin iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi na ɗan lokaci. Idan farin ya narke ya ɓace, kaki ne, ba abin damuwa. Idan ya tsaya, ga shi ɗigo-ɗigo masu gashi-gashi, ga wari, to ita ce.

Fitar da shi waje, ka bar shi ya bushe

Kada ka buɗe kayan a ɗaki. Ƙurar irin fumfuna tana tashi da ɗan motsi kaɗan, ta sauka a kan labule da katifa da sauran kayanka. Ka sa takunkumi mai kama fuska sosai irin N95, ka sa safar hannu ta roba, in da hali da tabarau. Mai asma, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ya ba wani aikin, domin wasu nau'o'in kamar Aspergillus suna iya kama huhu.

Ka zazzage jakar tas. Ka juya kowane aljihu. Jakar guzurin sojan Arewa tana da wata 'yar jakar farin yadi a ciki da aka maƙala da maɓallai, an yi ta ne don a riƙa cirewa ana wankewa. Sau da yawa ita ce tushen ɓarnar, domin a cikinta ɓarɓashin busasshen biskit da maiƙon nama da garin kofi suke taruwa. Cire ta ka ajiye gefe. Ita ba mai a jikinta, don haka za ka iya dafa ta a ruwa da sabulu. Idan ta yi baƙi ƙwarai, ka jefar ka ɗinka sabuwa, tunda abinci ne ke shiga cikinta.

Yanzu ka baza tamfol ɗin a igiya, a inda iska ke kaɗawa, ka buɗe bakin jaka da ɗan itace don iska ta shiga ciki. Kada ka taɓa fumfunar tukuna. Mai rai tana da laima, idan ka goga sai ta shafe ta nutse cikin saƙar, ka mayar da tabon sama tabon ciki. Idan ta bushe sai ta koma gari, ta tashi da buroshi cikin sauƙi. Wannan jira yakan ɗauki yini ɗaya zuwa uku, gwargwadon yanayi, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa.

Rana tana taimakawa, amma da awo. Awa biyu ko uku a kowane gefe sun isa. Baƙin fenti yana zuƙar zafi sosai, sai ya yi laushi ya fara danƙo, kaki kuma ya narke ya gangaro ƙasa ya bar sama ba kariya. Hasken rana idan ya daɗe yana cin ƙarfin auduga. Bayan 'yan awannin nan, mayar da shi inuwa mai iska. Masu cewa a sa a firiza su sani sanyi yana tsayar da fumfuna ne kawai, ba ya kashe ta, kuma fentin da ya daskare yana iya karyewa a ninki.

Buroshi

Idan ya bushe ƙamas, ka tsaya ta inda iska za ta kwashe ƙurar daga gare ka, ka kama sharewa da buroshi mai laushi, irin na goge takalmi ko na fenti. A gefen da aka shafa mai, hannu ya yi sauƙi. A gefen ciki, inda yadin yake tsirara, za ka iya ƙara ƙarfi kaɗan. Tsohon buroshin haƙori shi ne na bin ɗinki, da ƙarƙashin marfi, da inda igiyar rataya ta haɗu da jikin jaka, domin nan ne laima ke ɓuya.

In kana da injin zuƙe ƙura mai matacin HEPA, wato mai tare ƙura mafi ƙanƙanta, ka bi bayan buroshin da shi, ka rage ƙarfinsa, ka ɗaura ɗan siririn ƙyalle a bakinsa don kada ya ɓamɓare fentin da ya riga ya ɗago. Injin da ba shi da irin wannan mataci ya fi rashinsa muni, saboda ta baya yake feso abin da ya zuƙa.

Kafin ka wuce nan, gwada ƙarfin yadin. Ka kama wurin da tabon ya fi baƙi da hannu biyu ka ja a hankali, ko ka danna da babban yatsa daga ciki. Wasu nau'o'in fumfuna, irin su Chaetomium, zaren audugar kansa suke ci. Idan ya yage kamar takarda, wurin ya ruɓe, babu wankin da zai dawo da shi, sai faci. Gara ka san haka yanzu da ka sani a fili, ranar da igiya ta tsinke da guzurinka a ciki.

Ruwa, amma kaɗan

Abu biyu ne nake ganin sun dace da wannan aiki, farin khal da sifirit. Khal na kanti yana da tsami kusan kashi 5 cikin ɗari. Ka haɗa shi da ruwan sanyi rabi da rabi. Sifirit kuwa ka nemi mai kashi 70, irin na asibiti. Ya fi mai kashi 99 aiki a nan, domin ruwan da ke cikinsa yana hana shi saurin tashi, yana kuma taimaka masa ya ratsa jikin fumfunar.

Dalilin zaɓen khal a kan sauran kayan wanki ya kamata a fahimce shi, don wanda ya gane ba zai yi kuskure ba ko da an ba shi wata shawara. Mai da kanwa idan sun haɗu sabulu suke zama, kowace mai dafa sabulun gida ta san haka. To fentin linsid mai ne da ya daskare, kuma duk abin da ke da ɗabi'ar kanwa, kamar sabulun gari, soda, amoniya da bilic, yana narkar da shi a hankali ta wannan hanyar. Za ka ga baƙi yana bin soso, ka ɗauka datti ne, alhali kariyar jakar ce take tafiya. Ɗan tsami mai sauƙi ba ya yi masa haka. Bilic kuma ya ƙara da cin zaren auduga da ƙona fata. Kuma kada ka kuskura ka haɗa bilic da khal ko da amoniya, hayaƙin da ke tashi yana iya kai mutum asibiti. Masu haɗa khal da sodar gasa burodi su ga kumfa su ji daɗi, su sani ɗaya ya kashe ɗaya ne, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne.

Ka fara gwaji a ɓoyayyen wuri, kamar ƙarƙashin marfi. Ka ɗiga, ka jira minti goma, ka danna farin ƙyalle. Idan baƙi ya biyo, ko wurin ya dushe ya yi laushi, ƙara ruwa a haɗin, ko ka tsaya ga ruwan sanyi zalla. Sifirit ya fi khal haɗari ga fenti da kaki, saboda haka ni nakan bar shi ga gefen ciki da kuma ƙarfe da fata.

A gefen mai, ka tsoma soso a ruwan khal, ka matse har ya daina ɗiga, ka shafa daga bakin tabo zuwa tsakiya. Ka yi fili kamar tafin hannu biyu, ka ɗauraye soso a wani bokiti daban, ka ci gaba. Idan ruwan ɗaurayar ya yi duhu, zubar ka canza, in ba haka ba kana raba fumfuna ne ga wuraren da ba ta kai ba. A gefen ciki za ka iya jiƙawa fiye da haka, ka bar shi kamar rabin awa. Bayan nan ka bi ko'ina da soso na ruwan sanyi zalla sau biyu. Wannan ɗaurayar wajibi ce, domin tsamin da aka bari a cikin auduga yana raunana ta da daɗewa.

Ka kiyaye ƙarafan. Khal yana sa tagulla ta yi kore, yana sa baƙin ƙarfe tsatsa, tsatsa kuma tana cin yadin da ke kewaye da ita. Duk ƙarfen da ruwan ya taɓa, ka goge shi nan take ya bushe.

Injin wanki, ruwan zafi, guga, da masu wankin sinadari na kanti, duk babu su a wannan aiki. Zagaye ɗaya a injin wanki ya isa ya farfasa fentin jaka, ko ya kwashe kakin riga ya shafe cikin injin da shi.

Maɗauran fata nasu daban ne. Ka goge su da ƙyalle mai ɗan sifirit da aka surka da ruwa rabi da rabi, ka bar su su bushe a inuwa nesa da wuta, sannan ka shafa ɗan man fata kaɗan ƙwarai. Fatar da aka cika wa mai ita ce ta fi saurin sake yin fumfuna.

Tabon da ya ƙi fita

Bayan duk wannan, akwai yiwuwar ka ga ɗigo-ɗigon baƙi ko toka-toka a gefen ciki. Launi ne da fumfunar ta bari a zaren, ba ita ba ce. Ina roƙonka ka ƙyale shi. Mutane sun fi lalata kaya wajen bin tabo fiye da wajen kashe fumfuna. Jakar sojan da ya yi wata da watanni yana tafiya a ƙasa, da naman gishiri da sukari da taba a wuri ɗaya, ba fara ba ce, kuma tabo ba zai rage wa kayanka gaskiya a idon masu kallo ba. Abin da za ka damu da shi shi ne wari da ƙarfin yadi. Idan warin ya ƙi tafiya, ka rataye a inuwa mai iska na mako guda, ka sa ƙullin gawayi a cikin jakar.

Sai ka jira. Kada ka shafa sabon mai washegari. Ka bar kayan a rataye kwana goma zuwa mako biyu kana dubawa. Idan fari ya sake tsirowa, ka maimaita buroshi da khal a wurin. Man linsid abinci ne ga fumfuna, kuma wanda ya shafa shi a kan mai rai ya rufe ta ne da abincinta a ciki, za ta ɓullo ta ƙarƙashin fentin inda buroshi ba zai kai ba.

Mayar da kariyar

Ka yayyafa ruwa a gefen mai. Inda ya dunƙule ya gangara, ba ya buƙatar komai. Inda ya nutse ya yi duhu, nan ne za a gyara. Ƙa'idar ita ce a mayar wa kowane abin da aka san shi da shi. Linsid ba ya zama da kyau a kan kaki, kuma feshin hana ruwa na zamani ba ya kama jikin mai.

Ga mai kaki, aikin yini ɗaya ne. Ka tsoma gwangwanin kakin a ruwan zafi ya narke, ka shafa da ƙyalle a ɗaki mai ɗumi, ka fi ba ɗinki da ninki ƙarfi, ka goge abin da ya yi yawa, ka bi da iskar na'urar busar da gashi don ya shige daidai, ka rataye ya kwana.

Ga mai fentin linsid, sai an yi haƙuri. Ka haɗa dafaffen man linsid da tafentin kusan rabi da rabi, ka zuba baƙin launi har ya yi kamar tawada mai ɗan kauri. Inda fentin ya ɓamɓare har yadi ya fito, ka fara shafa ɗan kokon sitaci ka bar shi ya bushe, domin man idan ya shiga zaren kai tsaye yana ƙona shi da daɗewa. Sannan ka shafa fentin siriri ƙwarai, ka goge rarar da tsumma. Shafi mai kauri samansa ne ke bushewa, cikinsa ya zauna da danƙo wata da watanni. Ka rataye a inuwa mai iska, kada ka ninke, ka ba shi mako ɗaya ko biyu. Idan ka danna yatsa bai kama ba, za ka iya ƙara shafi na biyu in akwai buƙata. Dafaffen linsid na kanti yana ɗauke da sinadaran busarwa na ƙarfe, don haka kada abinci ya taɓa shi, aikin 'yar jakar ciki ke nan.

Tsumman da ka yi aikin da su, ka ɗauke su da muhimmanci fiye da komai a jagorar nan. Man linsid yana fitar da zafi yayin da yake shan iska. Idan tsumma na dunƙule, zafin ba shi da hanyar fita, sai ya taru har wuta ta tashi ba ashana. A watan Fabrairun 1991 irin waɗannan tsumman da ma'aikata suka bari ne suka tayar da gobara a benen One Meridian Plaza da ke Philadelphia, 'yan kwana-kwana uku suka rasa rayukansu. Ka baza kowane tsumma ɗai-ɗai a kan siminti a waje har ya bushe ya yi tauri, ko ka nutsar da su a gwangwanin ƙarfe mai ruwa ka rufe. Haka shimfiɗar da aka shafa wa sabon mai, kada a naɗe ta a jefa a lungu kafin ta gama bushewa.

Ajiya

Fumfuna tana samun wurin zama ne idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70. Ka nemi wurin da yake ƙasa da 60. Ɗan ma'aunin danshi ba shi da tsada, ka rataye ɗaya kusa da kayan. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da gareji, inda mafi yawan masu wannan sha'awa ke jibge kaya, su ne mafi muni, musamman a kan daɓen siminti ko jingine da bangon waje.

Jaka a rataye ta a ƙusa, bakinta a buɗe, 'yar jakar ciki a wanke a ajiye daban. Shimfiɗa a naɗe ta sako-sako a jikin sanda, gefen mai a waje, maimakon ninki, saboda a ninki fenti ke karyewa kuma nan laima ke kwanciya. In tana ɗan danƙo, barbaɗa mata hodar talk, ban da garin sitaci ko na masara, domin su ma abinci ne. Leda da akwatin roba mai rufewa ruf suna kulle laima a ciki, gara tsohuwar rigar matashi ta auduga. Ka leƙa kayan sau ɗaya a wata, musamman lokacin zafi da ruwa.

Ranar dawowa daga fili kuwa, komai gajiya, a fito da tanti da shimfiɗa da jaka daga mota a daren, a zazzage ɓarɓashin abinci, a goge laka da soso mai ruwan sanyi, a baza su ko a kan kujeru ne da fanka a kunne. Ba a naɗewa sai ɗinki da maɗauran fata sun bushe, domin su ne ke riƙe ruwa kwana ɗaya ko biyu bayan sauran jikin ya bushe.